Baffa, Gajere da Baƙon Cikin Akwati

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya ba mu aron Baffa shekaru masu yawa, Ya kuma karɓi abinSa ranar da Ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Baffa yayan mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa. Ya cika da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Janfalan. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a zaure da gindin tsamiya. Mutane sun zo, ba laifi. Na Ikara a kan kekuna, na Malikanci a ƙasa, Fulanin bayan fadamarmu kuma suka aiko da ƙwaryar nono. Kowa ya zauna sai a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" mu ce, "Da godiya."

Ranar addu'ar uku wasu matasan magidanta suka iso daga Maƙarfi. Da aka shafa, sai ɗaya daga cikinsu, wani tela, ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba mai faɗa da akwati."

Na kusa da shi ya danne dariya da hannun riga. "Ashe kai ma kana wurin ran nan?"

"Ina gaba-gaba ma! Ni ne na ce masa, Tsoho, ka tare mana."

"Wai sallama yake yi wa talabijin, yana jira a amsa!"

Daga nan hira ta kauce daga kan mamaci. Ta koma kan wani ɗan tsanan Turawa da suke kallo a talabijin suna yara, wanda suka laƙaba wa suna Mai Kunne. Wannan ya ce yana da wutsiya, wancan ya rantse ba shi da ita. Telan har ya yunƙura zai gwada yadda yake tafiya, a kan tabarmar makoki, sai da liman ya yi gyaran murya.

Ina zaune ina jan carbi ina jin su. A zauren Baffa, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, baƙon nan ya sake ƙwace masa taro. A cikinsu duka ba wanda ya ambaci Gajere, ɗan tsanan Baffa. Shi ya sa da aka watse na jiƙa tawada na fere alƙalami, don kada abin da zai saura na Baffa a bakin mutane ya zama dariyar nan kaɗai.

Baffa manomi ne kamar kowa, dawa da barkono da 'yar fadamar rake. Amma da zarar an kai amfani gida, sai ya sauko da burgaminsa na fatar akuya daga inda yake rataye, ya bi kasuwanni yana wasan dabo-dabo, yau Ikara, jibi Kudan. Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Zai kafa sanduna a ƙasa, ya lulluɓa musu babbar riga ta zama kamar 'yar bukka, ya shige ƙarƙashi ya kwanta rigingine. Ta wuyan rigar 'yan tsana ke leƙowa, daga kai zuwa ƙugu, hannunsa yana cikinsu. A bakinsa akwai wani ɗan abu da ya haɗa da ɓawon ƙwan jimina, shi ke mai da muryarsa siririya kamar ta ɗan tsako. Yana da tsohuwa mai rowa, yana da dogari mai gyangyaɗi, amma shugabansu Gajere ne: kai na icen rimi, jar hula, baki a karkace, ga rashin kunya.

Ba ya fara wasa sai Gajere ya gaisa da jama'a. Kafin ya kafa sanduna yakan zaga kasuwa kamar mai neman goro, alhali kunne yake kasawa, ya ji akuyar wa ta haihu, ɗan wa ya yi famfara. Can sai ka ga jar hula ta leƙo ta wuyan riga, ta waiga hagu ta waiga dama, muryar nan ta ce, "Kai wane, ɗan gidan mai manja, ina haƙorinka na gaba? Jingina ka bayar?" Yaron ya daskare, sauran su ɓarke da ihu. Baffa yakan ce, "Girgiza ice kowa ma zai iya. Aikin shi ne yaro ya ji an san da zamansa."

Da ladan ya kira salla, ko ana tsakiyar dariya, sai ya kife 'yan tsanan ya fito ya nemi buta. Na taɓa ce masa, lokacin ina ganin kaina da littattafai, "Baffa, malamai fa suna magana a kan sassaƙa."

Ya ce, "Malam ƙarami, ka taɓa ganin na durƙusa wa Gajere? Ai shi ke shan mari kullum."

Kishi kuwa, Baffa yana da shi, ba zan ɓoye ba. Ba ya kishin gonar wani ko rigar wani. Idon yara yake kishi. Wata rana a Kudan wani gardi ya sauke kwandon macizai kusa da shi, taro ya koma can. Baffa ya naɗe rigarsa ya dawo gida, aka kawo tuwo ya ture. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce, "Yanzu da maciji kake kishi, da girmanka?"

Ya ce, "Macijin ma ba nasa ba ne, a daji ya tsinta. Ni nawa ni na sassaƙa."

Ni kaina ban tsira ba. Nakan tara yara a ƙofar gida bayan la'asar ina ba su labaran mutanen da. In ya ji sun yi tsit suna saurare na, sai ya zo ya gifta da burgami a kafaɗa, ya ɗan girgiza shi kawai. Kafin in kai ƙarshen zance, daga ni sai tabarma.

Sai Allah Ya ba ni 'yar fari. Ba zan rubuta sunanta ba, mai karatu ya san dalili. Sunan mahaifiyar Baffa aka sa mata, sai sunan ya zama ba mai iya ɗaukarsa a gidan. Ni da uwarta ba ma faɗa don kunyar fari, Baffa da Inna ba sa faɗa don girman mai sunan. Uwarta ta ce "ke", ni in ce "yarinyar nan", Baffa ya ce "Uwata". Ta yi tafiya, ta yi gudu, sa'anninta suna ta surutu, ita shiru. Mata suka fara raɗa cewa bebiya ce.

Baffa kuwa ya yi nasa shiri. Ya kafa rigarsa a tsakar gida da safe, Gajere ya leƙo ya rangaɗa sunan yankanta gatsal, sunan da ba ta taɓa ji a bakin kowa a gidan ba. Inna ta dafe ƙirji. "Sunan uwarka ke nan fa!"

Daga ƙarƙashin riga Baffa ya ce da muryarsa ta gaske, "Ba ni ba ne. Wannan marar kunyar ne."

Haka aka yi ta yi kowace safiya. Yarinya ta zauna ta zuba ido, ba ta tankawa. Ran nan Baffa ya shiga rigar ya yi kwanciyarsa, Gajere ya ƙi fitowa. Ta jira, ta jira. Ta matsa ta leƙa wuyan rigar, ta ce, "Gajere, fito."

Maganarta ta farko ke nan a duniya. Ba uwarta ta kira ba, ba ni ba. Tun daga ranar duk sabon wasa ita ake fara gwada wa. In ta yi dariya ya tafi kasuwa, in ba ta yi ba ya mutu a tsakar gida. Tana ce masa Tsoho, tana ja masa gemu, shi kuma komai ya samo a kasuwa, ko ƙullin alewa ne, na Uwata ne.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, wani attajiri a Maƙarfi mai motocin ɗaukar mazarƙwaila ya sayo talabijin da injin wuta, ya kafa doguwar sanda a kan soro. Gab da magariba yakan sa a fito da akwatin ƙofar gida don yara, saboda a lokacin ake nuna wani shiri na 'yan tsana da aka kawo daga Ingila. A shekarar ƙanwata da ke aure a garin ta haihu, aka tura yarinyar nan ta zauna da ita har a yi arba'in.

Baffa ya shirya mata sabon wasa kafin ta dawo. Ranar da ta iso ko ƙafa ba ta wanke ba ya kafa riga. Gajere ya leƙo ya kira sunanta, ya tambayi hanya, ya tambayi jariri. Ta amsa sama-sama, sannan ta ce, "Gajere, ka san Mai Kunne?"

"Wane ne kuma haka? Ɗan gidan wa?"

"Na Ingila. Yana da gida mai taga. Yana da gado. Yana shan shayi a kofi. Kuma yana tafiya da ƙafarsa, har da takalmi!"

"To ni ma ai..."

"Kai ba ka da ƙafa. Kai rabin mutum ne."

Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gani ta faɗa. Jar hular nan ta yi ƙasa a hankali har ta ɓace. Yarinya ta ruga wajen ƙawayenta da labarin Mai Kunne. Baffa kuwa ya daɗe a ƙarƙashin rigar, har Inna ta ɗaga gefe ta ce, "Barci ka yi?"

Ya bi ya tambayi duk wanda ya taɓa zuwa kallon, har ya gane cewa da zare ake jan na Ingila daga sama. Ya sassaƙa wa Gajere ƙafafu, ya ɗaura zaren saƙa a gwiwa da wuyan hannu. Amma mai zare dole ya tsaya a bisa, shi kuwa duk rayuwarsa a kwance ya yi aiki. Dattijo guda ya sa tsani ya hau katangar tsakar gida, ya zuro Gajere. Zare ya harɗe, ƙafa ɗaya ta juya baya, ɗayar ta tsinke ta faɗa cikin kaskon kaji, rawanin Baffa ya warware ya bi ta. Yarinyar nan ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa.

Na riƙe masa tsani ya sauko. Na ce, "Ai ga shi ta yi dariya, Baffa."

Ya ce, "Ni ta yi wa, ba Gajere ba. Kai ba ka san bambancin ba."

Bayan kwanaki ya ce in shirya, zai je ya ga abokin takararsa ido da ido. Ya sa rigarsa ta Salla. Muka tafi Maƙarfi mu uku, yarinya tana gaba tana tsalle.

A nan nake so mutanen Maƙarfi su saurara da kyau. Baffa ya sha kallon majigi a filin kasuwa tun zamanin Turawa. Ya san sarai ba kowa a cikin akwatin nan. Tun a hanya ma shi ya yi mini bayani cewa masu zaren suna can ƙasarsu, hoto kawai aka aiko.

Muka tarar da yara sun cika ƙofar gidan. Aka tayar da inji, gilashi ya yi fari, ga Mai Kunne. Ba zomo ba ne, ba jaki ba ne, wani abu ne dai mai dogayen kunnuwa da 'yar hula. Ya buɗe taga, ya fito, ya taka, ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya zauna a kujera. Baffa ya tsuke fuska yana kallo. Can ya karkato ya raɗa mini, "Mai riƙe da zaren nan ya iya. Dubi yadda ya sa shi jinkiri kafin ya zauna. Wallahi ya iya." Ya faɗa kamar mai haɗiye maɗaci.

Daga nan bai ƙara duban gilashin ba, fuskar yarinyar nan ya koma kallo. Baki buɗe, ido ko ƙiftawa babu. Irin kallon da take yi wa wuyan riga ne, ba ragi.

Da shirin ya zo ƙarshe Mai Kunne ya juyo ya ɗaga hannu. Yara duka suka ɗaga nasu. Yarinya ta ja hannun rigar Baffa. "Tsoho, ka gani? Ya gane ni! Ya ga na dawo, ni yake ɗaga wa hannu!"

Wannan ce ta tayar da shi. Ya ratsa yara ya tsaya a gaban gilashi, ya ce da ƙarfi, "Salamu alaikum."

Aka fara dariya.

"Salamu alaikum, baƙo. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Tsoho, ka tare mana!"

Bai waiga ba. "Ga Uwata nan, tun daga ƙauyenmu ta zo dominka. In ka san ta, faɗi sunanta."

Mai Kunne yana ta ɗaga hannunsa, hoto ya ɗauke. Baffa ya juyo, ba jama'a yake duba ba, ita kaɗai yake duba. Ya ce, "Kin gani? Bai san ki ba. Ko kin zo ko ba ki zo ba, hannun nan sai ya ɗaga shi."

Yaran gari suka yi caa, suna nuna ta suna cewa kakanta yana gaisawa da akwati. Ta rufe fuska ta fashe da kuka. Da ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta fizge ta ce, "Na tsani Gajere! Kada ya ƙara kiran sunana!"

Faɗan da aka yi da akwati ke nan, wanda telan yake tunawa. Gaskiya Baffa ya faɗa mata, amma a gaban mutane ya faɗa, kishi kuma ya hana shi auna nauyinta.

Da muka koma gida ya cire wa Gajere ragowar zaren, ya mai da shi burgami, ya rataye. Ranin nan bai je kasuwa ko ɗaya ba. Mutanen Ikara suka aiko tambaya, ya ce bayansa ke ciwo. Yarinya takan durƙusa da safe ta ce, "Ina kwana," kamar yadda ake gaida kowane babba. Ba Tsoho, ba jan gemu. Ya fere rake ya ajiye mata a bakin ƙofa, ta ɗauka ta ba ƙanenta. Sunan nan kuma ya koma inda ya fito, ba mai faɗarsa a gidan. Nakan ga Baffa ya bi ta da ido in ta gifta, leɓensa ya motsa, ya fasa.

Da bazara ta kama, ƙyanda ta shigo ƙauyen. An yi rashi a gidaje da dama, Allah Ya sa masu ceto ne. Ta kama yarinyar nan da ƙarfi. Aka kwantar da ita a ɗakin Inna, ido ya kumbura, jiki kamar garwashi. Kunu in an kai bakinta sai ta kau da kai. Abu ɗaya take nanatawa: a kai ta wurin Mai Kunne.

Baffa yana zaune a bakin ƙofar ɗakin yana ji. Ba sunansa take kira ba, ba na Gajere ba. Kai ta Maƙarfi kuwa ba zai yiwu ba, ko zama ba ta iyawa.

Ya tashi ya ɗauki gizago ya fita. Ya dawo da guntun rimi ya zauna a bayan rumbu. Ya aika a karɓo masa ragowar fatar akuya wurin Inna, ya yanka tsohuwar hularsa. Na je kai masa ruwa na tarar yana sassaƙa yana zagin abin da yake sassaƙawa. "Mummuna kawai. Dubi kunne kamar faifai. Ko gaisuwa ba ka iya ba, sai shan shayi." Amma hannunsa bai ha'inci aikin ba. Kallo ɗaya ya yi wa Mai Kunne a Maƙarfi, sai ga shi ya fito sak, har karkatar hular.

Da hantsi ya kafa riga a bakin ƙofar ɗakin, inda haske ke shiga. Inna ta goge wa yarinya ido da ruwan ɗumi, ta jingina ta a ƙirjinta. Kunnuwa biyu suka leƙo ta wuyan riga. Siririyar murya ta yi sallama, ta kira sunanta.

Ta daɗe tana kallo. Da ƙyar ta ce, "Mai Kunne ba ya jin Hausa."

"Na koya."

"A ina?"

"Wurin Gajere. Shi ya faɗa mini sunanki. Ya ce in zo dubiya, tunda shi an hana shi."

"Ina ƙafarka?"

"Daga Ingila fa na taho a ƙasa. Sun gaji, na bar su a Zariya suna hutawa."

Gefen bakinta ya ɗan motsa. Mai Kunne ya ce shi a garinsu ba a barin baƙo ya sha abu shi kaɗai, in ba ta sha kunu ba shi ma ba zai sha shayinsa ba, kuma ga yunwa yana ji. Inna ta miƙa ludayi. Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Uwarta tana tsaye a bayana, na ji ta tana salati a hankali.

Inna ta ajiye ludayi. Mai Kunne yana nan tsaye a wuyan riga. Sai yarinya ta ce, "Ina Gajeren?"

Kunnuwa suka nutse. Aka jima, sannan jar hula ta fito a hankali, amma ta ba ɗakin baya.

"Gajere, juyo mana."

"An ce kada in kira suna."

"Kira."

Ya juyo ya kira. Muryar ta fashe a tsakiya, rabi ta Gajere, rabi ta Baffa. Ranar kaɗai na taɓa jin sunan mahaifiyarsa a muryarsa ta gaske, Inna kuwa wannan karon ba ta tsawata ba.

Sauƙi na Allah ne, kuma Ya kawo shi. Kafin ruwan shuka yarinya ta miƙe, ta koma jan gemu.

Kada mai karatu ya zaci kishin ya warke tare da ita. Baffa ya koma kasuwanni da Mai Kunne a burgami, amma sabon wasan da ya shirya shi ne baƙo ya shigo gari ba sallama, Gajere ya koya masa gaisuwa da mari. Sai kuma yara suka ƙaunaci baƙon. Da ya kafa riga su hau ihu, "Mai Kunne! A fito da Mai Kunne!" Baffa ya dawo gida a fusace, yana kishin abin da ya sassaƙa da hannunsa. Ya sa wuƙa ya rage masa kunne ɗaya. Yara suka ce haka ma ya fi ban dariya. A burgami kullum Mai Kunne ne a can ƙasa, a kife, Gajere a samansa.

Shekaru suka tura. Taro ya yi ta raguwa, baya kuma ya ƙi yarda da kwanciyar ƙasa, har Baffa ya daina fita. Yarinyar nan ta girma, tana Kudan a ɗakinta. Da ciwonsa ya tsananta aka aika mata, ta zo da goyo a baya. Da yamma ne, ina zaune a gefen gadonsa ina karanta masa abin da ya sawwaƙa. Ta durƙusa ta kama hannunsa.

"Tsoho."

"Uwata." Ya numfasa. "Tsakaninki da Allah, wa ya fi?"

Na ce, "Baffa, a yi ta salati."

"Zan yi, Malam ƙarami. Bari in ji wannan tukuna."

Ba ta tambayi su wa yake nufi ba. Ta ce, "Na Ingila ya fi iya tafiya."

Fuskarsa ta ɗaure.

"Ya fi kyan gida. Ya fi kyan takalmi."

"To," in ji Baffa, ya fara juya kai wajen bango.

"Amma da na kwanta bai zo dubiya ba. Bai ma san na kwanta ba. Wanda ya zo, a bayan rumbunmu aka haife shi, kuma Gajere ne ya aiko shi."

Ya tsaya da juyawar. Ya rufe ido, hawaye ya gangara cikin gemunsa, bakinsa yana murmushi. Na ɗauka magana ta ƙare. Can sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "A ɗaki kika faɗa. Mutanen Maƙarfi ba su ji ba."

Washegari da hantsi ya cika, kalmar shahada a bakinsa.

Ranar da telan yake dariya a zaure, ita tana cikin gida tare da mata, ba ta da hanyar fitowa ta amsa masa. Ni kuma mai karɓar gaisuwa ne, ba ya kyautu in yi gardama da wanda ya taso takanas don ya yi mana ta'aziyya. Na haɗiye. Amma na rubuta wannan da ajami, na ba mijin ƙanwata, na roƙe shi ya karanta a Maƙarfi bayan an sauko Juma'a, a ƙofar gidan nan da aka yi dariyar. Ina so telan ya zauna gaba-gaba, kamar yadda ya zauna ran nan.

Burgamin yana Kudan. An ce mini in goyonta ya yi rigima, takan zura hannu cikin Gajere ta kira sunan yaron, tunda ita ma ɗan fari ne ba ta iya faɗa.

Ya Allah, Ka gafarta wa Baffa, Ka yafe masa kishinsa, Ka yalwata masa kabarinsa. Ni ɗansa ne, ban taɓa faɗar sunansa ba, a takardar nan ma ban rubuta ba. Kai Ka san shi. Ranar da za a tara mutane duka, taron da ba a taɓa yin irinsa ba, Ka sa a kira shi da sunan nan a cikin masu rahama, ya ji an san da zamansa. Amin.